Yadda Ake Sa Haske Ya Ja Wa Kansa Layi

Babu wanda ya yi wayo a ƙasar nan bai san bakan gizo ba. Idan hadari ya haɗu a gabas da la'asar, rana kuwa ta karkata yamma, sai a gan shi ya kafa ƙafafunsa biyu a ƙasa da launuka jere: ja, ruwan goro, rawaya, kore, shuɗi da shunayya. Yara kan ce ya zo ya shanye ruwa. Masana kuwa sun daɗe da gane cewa launukan nan duka a cikin farin hasken rana suke, ɗigon ruwan sama ne kawai yake rarrabe su. Wani Bature na Ingila, Ishaku Niyuton, ya tabbatar da haka a 1666 da ɗan gilashi mai kusurwa uku.

Abin da muke so mu bayyana wa malamai da akawuna a yau shi ne wata sabuwar dabara ta rarrabe haske, wadda ake yi da irin ruwan nan da ke cikin fuskar kalkuleta da ta talabijin. Mun nufi mutanen Jega da Aliero da Maiyama musamman, domin tun 2006 aka kafa Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Aliero, ana karantar da ilimin haske da na haɗa sinadarai a ƙofar gidansu. Yaron da ke aji a Kuberi yau yana iya zama ɗalibinta gobe, kuma abin da malaminsa na fari ya sa masa a kai, da shi zai isa can.

Matsefin haske

Haske yana tafiya ne kamar igiyar ruwa, tudu da kwari, tudu da kwari. Nisan da ke tsakanin tudu da tudu shi za mu kira zango, kuma shi ne yake bambanta launi da launi. Zangon ja ya fi tsawo, na shunayya ya fi gajarta. Ƙanƙantarsu kuwa ta wuce misali: a cikin milimita 1 akwai zangon ja wajen 1,400, na shunayya wajen 2,500.

To, idan aka sami gilashi aka ja masa layuka masu yawa, kusa da kusa, tazararsu daidai wa daida, hasken da ya bi ta kowace kafa sai ya bazu ya gamu da na maƙwabciyarta. A waɗansu wurare tudu ya hau kan tudu, haske ya ƙaru. A waɗansu kuwa tudu ya faɗa kwari, su kashe juna, wurin ya yi duhu. Da yake kowane launi da nasa zango, wurin da ja yake ƙaruwa daban ne da wurin da shuɗi yake ƙaruwa, sai launukan su fito a jere. Irin wannan gilashi mai layuka shi muka sa wa suna matsefin haske, don yana tsefe haske kamar yadda ake tsefe kitso.

Amfaninsa babba ne. Kowane sinadari da Allah ya halitta, idan ya yi zafi yana fitar da launukan da suka keɓanta gare shi, idan kuwa haske ya ratsa shi yana shanye waɗansu launuka nasa na kansa. Watau kowanne da irin tasa shaida, kamar yadda akawun kotu yake gane mutum da dangwalen yatsansa. Ta haka Kirchhoff da Bunsen na Jamus suka gano sababbin sinadarai biyu a 1860 da 1861. Ta haka kuma aka ga alamar iskar nan hiliyom a cikin hasken rana a 1868, shekara 27 kafin a same ta a duniya a 1895. A yau, yawancin na'urorin da ake auna dalma a ruwan rijiya da su a ɗakunan bincike, da waɗansu na gwajin jini, suna da matsefin haske a cikinsu. Hukumar NAFDAC ta fara aiki da wata na'urar hannu mai suna TruScan tun wajen 2010 don gane jabun magani, ita ma tsefe hasken da ya dawo daga ƙwayar magani take yi ta karanta shaidarsa.

Wahalar ja layi

Duk akawun da ya ji labarin zamanin En'e ya san yadda ake ja layi a littafin haraji da rula da alƙalami, kuma ya san layi ɗaya in ya karkace ya ɓata shafi. To, a ƙaddara ana so a ja layi dubu goma a cikin inci ɗaya ba tare da kuskure ba.

An fara da abin da ke kusa. A wajen 1673 James Gregory na Sikotilan ya lura gashin tsuntsu yana rarrabe hasken rana. A 1785 David Rittenhouse na Amurka ya jera silin gashi tsakanin ƙusoshi biyu masu ƙananan haƙora. A 1821 Joseph Fraunhofer na Jamus ya yi irin wannan da siririyar waya, har ya auna zangon launuka da ita. Wanda ya kai sana'ar ga ƙwarewa shi ne Henry Rowland na Jami'ar Johns Hopkins a Amurka. A 1882 ya ƙera inji mai jan tsinin lu'ulu'u a kan madubin ƙarfe, yana yin layi 14,438 a inci ɗaya. Injin yakan kwana da kwanaki yana aiki a ɗakin da aka tsare zafinsa da sanyinsa, don in ƙarfe ya ɗan miƙe saboda ɗumi, aikin duka ya lalace. Bayan da aka ƙirƙiro hasken leza a 1960, sai aka koyi buga layukan da haske, kamar yadda ake ɗaukar hoto.

Duk da haka akwai sauran matsala, watau asarar haske. Matsefin da aka yi da layi baƙi da layi fari masu faɗi ɗaya yana shanye rabin hasken da ya sauka a kansa, kashi ɗaya cikin huɗu ya wuce sambal bai tsefu ba, abin da ke zuwa inda ake bukata bai wuce kashi 10 cikin 100 ba. An rage wannan asara ta hanyar sassaƙa layukan a karkace kamar haƙoran zarto, amma aiki ne mai wuya da tsada. Mai duban tauraro mai dushe-dushe, ko mai gwada ɗan ɗigon jini, ba shi da hasken da zai zubar.

Ruwa mai sahu

A nan ne labarin wani ruwa ya shigo. A 1888 wani masanin tsirrai a birnin Firag, Friedrich Reinitzer, yana dafa wani sinadari dangin kolestarol, sai ya ga ya narke sau biyu. A digiri 145.5 ya zama ruwa mai gurɓi kamar ruwan nono, a digiri 178.5 kuma ya washe garau. Ya aika wa Otto Lehmann na Jamus, shi kuwa ya duba ya gane cewa ruwan nan mai gurɓi yana gudana kamar ruwa amma yana sarrafa haske kamar lu'ulu'u.

Dalili shi ne surar 'yan ƙwayoyinsa. Dogaye ne sirara, kamar tsinken ashana. A cikin dutse ko gishiri kowace ƙwaya tana tsaye wuri ɗaya ba ta motsi. A cikin ruwan sha kuwa ƙwayoyi suna yawo ko'ina, kowace ta fuskanci inda ta ga dama. Wannan ruwa yana tsakani: ƙwayoyinsa suna yawo, amma duka fuska ɗaya suke dubi, kamar garken shanu da ya nufi mashaya, wannan ta wuce waccan, waccan ta wuce wannan, amma kawunansu duka gaba ɗaya. Saboda haka muka kira shi ruwa mai sahu.

Kusan shekara 80 ana ɗaukarsa abin mamaki ne kurum. A 1968 kamfanin RCA na Amurka ya nuna fuskar na'ura ta farko da aka yi da shi. A 1970 Martin Schadt da Wolfgang Helfrich a Suwizalan suka ƙago tsarin da ke cikin kalkuleta da agogon hannu har yanzu. George Gray na Jami'ar Hull a Ingila kuma, a farkon shekarun 1970, ya haɗa irin da ke aiki a zafin ɗaki ba sai an dafa ba.

Akwai halinsa ɗaya da ya kamata a riƙe. Ƙwayoyin da ke manne da jikin gilashi su ne jagorori, inda suka fuskanta nan na bayansu ke fuskanta. Wanda ya iya tsara fuskar gilashi ya iya tsara ruwan duka. Tsohuwar dabara ita ce a shafa wa gilashi ɗan siririn roba, a goge shi da ƙyalle mai laushi ta fuska ɗaya, ƙwayoyin su kwanta ta inda aka goga. Amma guga tana jawo ƙura, tana ƙarzar gilashi, tana kuma tayar da irin tartsatsin nan da kowa ya sani a jikin bargo lokacin hunturu. Babban aibinta kuwa, fuska ɗaya kaɗai take bayarwa daga wannan gefe zuwa wancan.

Haske a madadin ƙyalle

Kafin mu ci gaba sai mun faɗi wani hali na haske wanda ido ba ya gani. A ɗaura igiya a jikin itace, a riƙe bakinta. Ana iya kaɗa ta sama da ƙasa, ana iya kaɗa ta dama da hagu, ana kuma iya wulwula hannu, igiyar ta riƙa tafiya tana murɗawa, ko murɗin dama ko murɗin hagu, kamar zaren da mace ta kaɗa da mazari. Haske ma haka yake. Na rana gauraye ne, amma da gilasai na musamman ana iya tace shi ya zama mai kaɗawa ta fuska ɗaya, ko mai murɗin dama, ko mai murɗin hagu.

A 1988 Kunihiro Ichimura da abokan aikinsa a Japan suka nuna cewa idan aka shafa wa gilashi wani irin rini aka haska shi, ruwa mai sahu da ke bisansa yana sāke tsayuwa. A 1991 Wayne Gibbons da mutanensa a Amurka suka nuna cewa haske mai kaɗawa ta fuska ɗaya yana iya zaɓar wa ƙwayoyin inda za su fuskanta. A 1992 Schadt da waɗansu masanan Rasha suka yi irin wannan da roba mai daskarewa da haske. A 2009 kamfanin Sharp ya shigar da dabarar cikin ƙirar talabijin.

Ga yadda abin yake gudana. Ƙwayar rinin ita ma doguwa ce. Idan tsawonta ya dace da fuskar da haske ke kaɗawa, sai ta sha hasken, ta tanƙware, ta sāke miƙewa ta faɗi ta wata fuska dabam. Haka za ta yi ta yi, har ta yi dace ta faɗi a gicciye, inda hasken ba ya kama ta, sai ta zauna nan. Ba a daɗe ba sai a tarar ƙwayoyin rinin duka sun kwanta a gicciye. Ɗaya daga cikin rinin da ake amfani da shi rawaya ne mai arha, dangin wanda masana'antu suka daɗe suna rina takarda da shi.

Sauran aiki shi ne a sa fuskar kaɗawar ta riƙa juyawa daga wuri zuwa wuri. Wani masani na ƙasar Jojiya, Kakichashvili, ya buɗe wannan hanya a 1972, Nikolova da Todorov na Bulgeriya kuma suka faɗaɗa ta a 1984. Ana raba hasken leza gida biyu, ɗaya murɗin dama ɗaya murɗin hagu, a sa su gamu a kan gilashin a ɗan karkace. Inda suka gamu ido ba zai ga layi ba, haske ne bai ɗaya. Amma a ɓoye fuskar kaɗawarsa tana juyawa sannu-sannu: nan a tsaye, gaba kaɗan a karkace, gaba kaɗan a kwance, har ta komo tsaye, sa'an nan ta sāke. Rinin ya ɗauki wannan zane ya riƙe. Sai a zuba ruwa mai sahu a kai, a juya gilashin da sauri ya bazu, ƙwayoyinsa su bi zanen. In an so ya dawwama, sai a yi amfani da irin da ke daskarewa, a haska shi ya zama busasshiyar fata. Kaurinta milimita 1 ne a raba gida 1,000 a ɗauki ɗaya ko biyu, watau silin gashi ya ninka ta sau da yawa. Babu ƙarza, babu sassaƙa, babu tsinin lu'ulu'u.

Abin da ya sa ba ya asara

Manomi mai shanun huɗa ya san cewa in sa ɗaya ya rage tafiya ɗayan ya ci gaba, garma sai ta karkata. Haka wannan fata take yi wa haske. In an daidaita kaurinta, hasken murɗin dama da ya shige ta sai ya fito murɗin hagu, kuma kowane wuri yana jinkirta shi gwargwadon karkatar ƙwayoyin wurin. Da yake karkatar tana ƙaruwa a hankali ba tare da gargada ba, jinkirin ma haka yake ƙaruwa, sai hasken duka ya juya gefe ɗaya. Mai murɗin hagu kuwa ya juya ɗaya gefen. Ja ya fi shuɗi juyawa, don haka launuka suke tsefuwa. Wanda ya fara gano asalin wannan jinkiri wani saurayi ne Ba'indiye, Pancharatnam, a Bangalo a 1956, yana da shekara 22.

Daga 2005 zuwa 2008 masana a Jami'ar Brown da ta Jihar Karolina ta Arewa a Amurka, da ta Kalabiriya a Italiya, suka ƙera irin wannan matsefi, waɗansu har suna tura kusan kashi 99 cikin 100 na haske inda ake so. In kuwa an bar ruwan bai daskare ba, 'yar wutar lantarki kaɗan tana miƙar da ƙwayoyinsa tsaye, matsefin ya ɓace, a ɗauke wutar ya komo. In aka jera da yawa, ana iya nuna hasken leza wurare dabam-dabam ba tare da wani ƙarfe ya motsa ba. Masanan Jami'ar Leiden ta Holan sun zana irin wannan fata suka sa wa babban madubin duban taurari na Magellan a ƙasar Cile a 2015, don ta kawar da ƙyallin tauraro a ga abin da ke kewaya shi. Ana kuma gwada ta a tabarau mai nuna rubutu a gaban idon mai sanye da shi.

Inda ƙasarmu ta shigo

Kada a ɗauka abin ba shi da cikas, kuma cikas ɗinsa sun shafe mu fiye da Turawa. Na farko zafi. Sanannen ruwan nan na Gray, wanda ake kira 5CB, yana rasa sahunsa a digiri 35 ya koma ruwa kamar kowane ruwa. Zafin bazara a Jega da Maiyama kuwa yakan wuce digiri 40 a inuwa. Saboda haka ake gauraya iri-iri don su jure, ko a daskarar da su. Na biyu laima, domin rinin nan rawaya yana jan danshi, kuma danshi yana ɓata masa aiki, ga damina tana zuwa kowace shekara. Na uku ƙura, wadda ƙwayarta ɗaya ta fi kaurin fatar duka, ga hunturu. Na huɗu, wurin ɗaukar zanen yana bukatar teburin da ba ya girgiza da wutar da ba ta yankewa.

Waɗannan duka tambayoyi ne na bincike, kuma wanda ke zaune cikin zafin da ƙurar shi ya fi cancanta ya amsa su. Kayan aikin ba su kai injin Rowland tsada da wuya ba: leza ƙarama, gilasai, rini, da ɗaki mai tsabta. Aliero ta yi suna a Afirka ta Yamma da albasa, kuma manomin albasa ya san zafin sayen takin zamani ko maganin feshi da ba ya da tabbacin abin da ke cikin buhu ko kwalba. Na'urar gwaji mai sauƙin kuɗi, mai jure bazara, za ta amfani jami'in gona da na asibiti da mai duba kasuwa. In ba mu da masu sanin cikinta, kullum sai dai mu saya, in ta lalace mu jingine ta a sito.

Abin da malami zai iya yi gobe

Ba sai an jira kaya daga waje ba. Tsohon faifan CD matsefin haske ne, yana da layi 625 a kowace milimita, na DVD kuwa wajen 1,350. A tara hasken rana da shi a jefa a bangon aji, yara su ga launuka a jere. Da dare a duba fitila mai nisa ta cikin gashin zabuwa ko na kaza, a ga abin da Gregory ya gani. A kwatanta haske iri biyu a jikin faifan: dogon ƙwan nan mai farar hoda yana ba da launuka a rarrabe, harshen kyandir kuwa yana ba da su a haɗe.

Ga manyan aji akwai lissafi. A sami 'yar fitilar leza ja irin ta kasuwa, a ajiye faifan CD mita 1 daga bango yana fuskantarsa, a haska shi sambal daga wajen bangon. Za a ga ɗigo biyu sun komo, kowanne wajen santimita 44 daga tsakiya. Da wannan awo ɗalibi zai iya fitar da zangon ja da kansa, abin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Sa'an nan a sami tabarau baƙi irin mai kashe ƙyalli, a riƙa juya shi a gaban fuskar kalkuleta, za a ga ta yi baƙi ta washe, ta yi baƙi ta washe. Wannan ita ce fuskar kaɗawar da muka ambata. Muna gargaɗi ƙwarai: kada a bar yaro ya dubi rana, kada kuma a nuna leza a idon kowa.

Akawunan ƙananan hukumomi da na ofisoshin ilimi su ma da nasu rabo, domin ta hannunsu takardar sayen kayan makaranta take bi. Faifai da leza da tabarau ba su kai kuɗin kujera ɗaya ba.

Wannan ilimi ba baƙo ba ne gare mu. Malam Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, shi ya kafa binciken haske a kan gwaji da awo, daga littafinsa Turawa suka ɗora. Ƙasar Gwandu kuwa ƙasar Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ce, wadda aka san ta da karatu tun farkonta. Muna fata malamai za su gwada abin da muka zana a sama, su rubuto mana abin da ɗalibansu suka auna. Allah ya ba mu ilimi mai amfani, amin.